Noman Buhu da Noman Gandu: Wanne Ne Ke Ciyar da Gida?

Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya ranar 29 ga Mayu, 2023, kayan abinci suka yi tashin gwauron zabo, wani salon noma ya shigo yayi a birane. Facebook da TikTok sun cika da bidiyon tumatir ya nuna jawur a buhun siminti, da alayyahu a tsohuwar taya, da doya ana farke buhu ana zaro ta. Masu yaɗa bidiyon suna cewa duk mai tsakar gida ba shi da hujjar kukan yunwa. Manoman karkara kuwa in an nuna musu sai su yi murmushi, su ce wannan ai wasan yara ne, noma a gona ake yin sa. Magidancin da kuɗin cefane ya sha wa kai ya rasa maganar wa zai kama: ya sayi buhuna da iri, ko ya nemi aron gona a ƙauye?

Tushen ruɗanin shi ne ana auna abu biyu da mudu ɗaya, alhali ba aiki ɗaya suke yi wa gida ba. Ɗaya tuwo yake kawowa, ɗayan miya.

Ma'anar kalmomi

Gandu shi ne gonar gida wadda mai gida ke nomawa tare da 'ya'yansa ko ƙannensa. Amfanin yana shiga rumbu ɗaya, daga nan ake auna abincin kowa, a da ma daga nan ake biyan haraji a yi wa samari aure. Gayauna kuwa 'yar gona ce da mai gandu ke yankar wa ɗa ko ƙane ko matar gida, mutum ya noma ta bayan an tashi daga aikin gandu, abin da ya samu nasa ne. Lambu gonar ban-ruwa ce ta kayan miya, galibi a fadama, wato ƙasa mai kwari wadda ruwa ke kusa. Garka wuri ne da aka kewaye da shinge kusa da gida ko bakin fadama don rogo da kayan miya.

Noman gwaji na gida, wanda aka fi sani da noman buhu, shi ne shuka kayan miya a cikin buhu, bokiti, taya, kwalbar roba ko kwamin da aka ɗaga sama, a tsakar gida ko kan bene, inda babu gona. Akwai kalmomin aro da ke yawo tare da shi. Haidirofonik noma ne ba tare da ƙasa ba, saiwar shuka tana cikin ruwan da aka narka wa taki. Kwamfos taki ne da ake haɗawa ta hanyar ruɓar da ganye da ɓawon kayan miya da kashin dabbobi. Girin-hawus rumfar leda ce ko raga da ke kare shuka daga ƙwari da iska. Oganik na nufin amfanin da aka noma ba takin zamani, ba maganin feshi na kanti. Ban-ruwan ɗigo kuma shi ne ba shuka ruwa ta siririn tiyo mai huda, yana ɗiga a gindinta kaɗai.

Yadda gida ya saba ciyar da kansa

Noman iyali na gargajiya tsari ne mai sassa da yawa, ba gonar hatsi kaɗai ba. A gandu ana shuka gero da dawa, a sa wake ko gyaɗa a tsakani. Binciken da David Norman ya yi a ƙauyukan Zariya, daga cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, a shekarun 1960 da 1970, ya nuna cewa wannan haɗe-haɗen shuka da malaman gona na lokacin ke yi wa kallon ci-baya ya fi shuka iri ɗaya ba da riba a kan faɗin ƙasa guda, kuma ya fi kare manomi in ruwa ya ɗauke. A kewayen birnin Kano, inda jama'a suka yi yawa har ba a barin gona ta huta, a da jakuna kan shiga birni da itace su fito da mangalar taki da toka. Masanin nan Michael Mortimore ya shafe shekaru yana nazarin yadda wannan zirga-zirga ta riƙe ƙarfin ƙasar.

Miya kuma tana da nata wurin. Da ruwa ya zauna, bayan gida kan cika da kuɓewa a gindin darni. Kabewa da duma su hau danga har rufin ɗaki. Rama da yakuwa su tsaya a kan iyakar gona, zogale ya zama shinge, lalo da tafasa su fito da kansu ba wanda ya shuka su. Da kaka ta yi, mata su baje tabarmi: a yanka kuɓewa a shanya, a shanya barkono da yakuwa, a daka kuka, a dafa kalwa a yi daddawa, 'ya'yan yakuwa ma a yi daddawar batso da su. Abin da aka zuba a tulu da ƙwarya shi ke riƙe tukunyar miya har wata damina.

Nan ne babban bambancin yake, kuma ba a cika faɗinsa ba. Gidan gargajiya da shanya yake maganin rani. Mai noman buhu da ban-ruwa yake son ya yi maganinsa. Rana kyauta ce, ruwa kuwa a birni sayen sa ake yi.

Wani kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar manomin gargajiya a matsayin wanda ba ya gwaji. Masara, rogo, gyaɗa, barkono da tumatir duk daga nahiyar Amurka suka fito, wani ne ya fara gwada su a gefen gona kafin su zama na gida. A ƙarshen shekarun 1980 manoman Illela ta jihar Tawa a Nijar sun ziyarci yankin Yatenga na Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa ramuka a fako ana zuba taki don tare ruwan sama, suka dawo suka gwada. Wannan dabara, wadda ake kira tassa, ta farfaɗo da filaye da yawa da aka riga aka fid da rai da su. Bambancin kawai shi ne manomi a gayauna yake gwaji, ba ya caca da gandu.

Abin da ya kawo yayin

Na farko tsada. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta Najeriya sun nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. A daidai lokacin kwandon tumatir ya wuce naira 100,000 a kasuwannin Legas, bayan tsutsar da manoma ke kira sharon ta sake afka wa gonakin Arewa. Ita ce ta sa gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci kan tumatir a 2016. Na biyu rashin tsaro: a sassan Zamfara, Katsina da Sakkwato 'yan bindiga sun hana noma ko sun ɗora wa manoma haraji, dubban iyalai sun koma gari ba gona. Na uku, gandun kansa ya daɗe yana raguwa. Gado yana tsattsaga gonaki, samari suna tafiya ci-rani ba su dawowa, gari yana cinye gonakin da ke kewaye da shi ana yanka fuloti. Masaniya Polly Hill ta riga ta ga alamun sassaucin gandu a Batagarawa a littafinta na 1972.

Gwamnatoci ma sun daɗe suna wannan kira. Ghana ta yi shirin ciyar da kai a 1972 zamanin Acheampong. Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa a 1976, aka nemi makarantu da ma'aikata su noma duk filin da ke kusa da su. Bayan farin 1984 Seyni Kountché ya tura 'yan Nijar noman rani. A 2024 uwargidan shugaban Najeriya, Oluremi Tinubu, ta sa gasar lambu a kowane gida. Duk lokacin da abinci ya yi wuya, kiran yakan dawo.

Dabarar buhun kanta an san ta a wurare masu cunkoso. A unguwar Kibera ta Nairobi ƙungiyar agaji ta Solidarités ta yaɗa ta a 2008, bayan rikicin zaɓen Kenya. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta raba kayan ƙananan lambuna ga 'yan gudun hijira a Borno, Yobe da Adamawa.

Buhun a kusa

Ana samun buhun taki ko na shinkafa, a huda gindinsa don ruwa ya riƙa tsiyayewa. A haɗa ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen kashin awaki ko na shanu, wasu su ƙara ɓuntun shinkafa don ƙasar ta yi sako-sako. Masu son cin moriyar wuri sukan tsayar da gwangwani marar gindi a tsakiya, su cika shi da tsakuwa, su riƙa jan sa sama suna zuba ƙasa kewaye, har a sami ginshiƙin tsakuwa da ke kai ruwa ƙasan buhun. Sai a tsattsaga jikin buhun a dasa alayyahu ko latas a ramukan, a sa tumatir ko attaruhu a sama. Alayyahu kan isa tsinka cikin wata guda ko sama da haka kaɗan, kuɓewa wajen wata biyu, tumatir kusan wata uku.

Abin da bidiyo ba ya nunawa shi ne wata na huɗu. Ranar ƙasar nan tana cin buhun leda, ya ruɓe ya fashe. Ƙasar cikinsa tana saurin zafi, tana saurin bushewa, takin da ke ciki yana ƙarewa tunda saiwa ba ta da inda za ta miƙa. In mai shi ya yi tafiyar kwana biyu da bazara ba wanda ya ba da ruwa, aikin ya tashi. Akuyar gida da kaji kuma ba su san gwaji ba.

Lissafin tuwo

Ma'aunin da ake aiki da shi a ƙasashen Sahel shi ne mutum ɗaya yana cin hatsi kusan kilo 200 a shekara, wato buhu biyu. Gida mai mutum goma yana buƙatar buhu ashirin, tan biyu ke nan. Gero a gonar talaka ba ya cika wuce tan ɗaya a hekta, sau da yawa ma bai kai ba. Don haka gidan yana buƙatar hekta biyu zuwa sama. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 kuwa bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na hekta ba, kuma gini ya riga ya cinye mafi yawansa. Ko da an jera buhuna tun daga zaure har bayan gida, ba za su cika rumbu ba. Doya da dankali a buhu suna yi, amma abin da za su bayar na 'yan kwanaki ne.

Ƙasar Kuba ta zama misali a nan. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991 ta rasa mai da taki, sai mutanen Habana suka mai da kangwaye lambuna, har suka samar wa birnin ganye da kayan miya masu yawa. Shinkafa da alkama kuwa ba ta daina sayo su daga waje ba.

A ɓangaren miya lissafin yana juyawa. Hukumar lafiya ta duniya tana so mutum ya ci gram 400 na ganye da 'ya'yan itace kullum, kuma in kuɗi suka yi ƙaranci abin da gida ke fara yankewa ke nan, a koma tuwo da miyar kuka tsura. Bishiyar zogale biyu da buhu goma na alayyahu da yakuwa suna iya sa ɗanyen ganye a tukunya sau da dama a mako. Ga yara da masu ciki wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ruwa da lokaci

A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano, Sakkwato da Maraɗi, kowace murabba'in mita ta shuka tana iya shan lita 7 zuwa 10 a rana. Ɗan lambu mai murabba'in mita goma zai sha jarka uku zuwa huɗu kullum. Wanda ke da rijiya ko burtsatse a gida bai damu ba. Wanda ke saye wurin 'yan garuwa ya kamata ya ninka kuɗin jarka huɗu sau talatin, ya kwatanta da abin da yake kashewa kan kayan miya a wata. Sau da yawa ruwan ya fi tumatirin tsada. Ruwan alwala da na wanke shinkafa ko ganye suna rage nauyin, amma ruwan wanki mai omo yana tara gishiri a buhu ya ƙona saiwa.

Akwai kuma saɓanin lokaci. Tumatir ya fi yin kyau da hunturu, daidai lokacin da Kadawa da Kura da Danja ke cika kasuwa har ana zubarwa. Lokacin da yake tsada, daga Mayu zuwa Yuli, shi ne lokacin da zafi ke kakkaɓe furensa, daga baya damshin damina ya kawo masa cututtuka. Mai buhu yakan sami tumatir ne sa'ad da yake araha. Ganye da kuɓewa da barkono sun fi jure wannan yanayi, shi ya sa suka fi dacewa da tsakar gida, ko da yake ba su kai jan tumatir kyau a hoto ba.

Iri, taki da magani

Yawancin irin da ake sayarwa a 'yan fakiti haibirid ne, wato an haɗa iyaye biyu na shuka ɗaya don a sami ɗa mai yawan haihuwa. Yana yi sosai a shukar farko, amma in aka ajiye 'ya'yansa aka sake shukawa ba ya fitowa kamar uwarsa, dole a koma kanti. Irin gida, kamar kuɓewar da tsofaffi ke barin ta bushe a jikin karanta, bai kai shi yawa ba, amma ana ajiye shi shekara da shekaru kuma ya saba da ƙasar. Haibirid daban yake da irin da aka sauya wa ƙwayar halitta a ɗakin bincike, kamar waken SAMPEA 20-T da aka fitar a 2019 ko masarar TELA ta 2024. Mutane da yawa suna cakuɗa su biyun in ana muhawara.

Masu noman gida suna da hujja mai ƙarfi kan tsabta. Wasu lambunan cikin gari da ruwan kwata ake ba su ruwa, kamar na bakin kogin Jakara a Kano, kuma ba kowane manomi ke jiran kwanakin da aka ƙayyade tsakanin feshi da tsinka ba. Wanda ya shuka da hannunsa ya san abin da ya zuba. Sai dai shi ma in ya ɗebo ƙasa daga jujin da ake zubar da batura da ƙona leda, ko ya fesa fiya-fiya a kan latas, ya shigo da dafin gida da kansa. Jiƙon ganyen darbejiya ko 'ya'yanta da toka suna rage darɓa da wasu ƙananan ƙwari, amma ba sa tsai da sharon in ta yi yawa.

Haidirofonik da girin-hawus kuwa harka ce ta mai jari. Suna buƙatar famfo, wutar da ba ta yankewa ko faranti mai amfani da hasken rana, da takin ruwa na musamman. Suna iya zama sana'a ga mai kai latas otal-otal a Abuja. Ba su ne amsar mai neman sauƙin cefane ba.

Ra'ayoyi mabambanta

Masu goyon baya suna cewa da babu gara ba daɗi, kuma abin ya buɗe wa matan da ba sa fita wata ƙofa, su ci su sayar wa maƙwabta. Suna ƙarawa da cewa yaran birni da ba su taɓa riƙe fartanya ba suna ganin yadda abinci ke fitowa. Wannan magana tana da ƙanshin gaskiya.

Masu suka kashi biyu ne. Akwai manoman da ke ganin wahalar ta fi amfanin, su ce kuɗin buhu da ƙasa da ruwa gara a haɗa a ba ɗan'uwa a ƙauye ya sayi taki, da kaka a raba hatsi. Ga wanda ke da amintaccen dangi da gona a inda ake zaman lafiya, wannan lissafin yakan fi. Akwai kuma masu kallon abin ta fuskar siyasa, waɗanda ke cewa kiran kowa ya noma a gidansa hanya ce ta sauke wa talaka nauyin da ke kan hukuma. Lambun tsakar gida ba ya buɗe gonakin da 'yan bindiga suka rufe, ba ya rage kuɗin taki, ba ya yashe hanyoyin ruwan madatsar Tiga ko Bakolori. Mai haya a ɗaki ɗaya, wanda yunwar ta fi ci, shi ne ma ba shi da inda zai ajiye buhu.

Abin da zai iya biyo baya

Da wuya noman buhu ya taɓa kasuwar manoman fadama, don abin da yake fitarwa kaɗan ne. Inda zai yi tasiri shi ne cikin tukunyar gidan da ya dace da shi. Haɗarin da ke bayyane shi ne na masu sayar da horo da kaya da alƙawarin riba mai yawa, waɗanda za su bar mutane da fasassun buhuna da ɓacin rai, har su tsani abin gaba ɗaya. Wani haɗarin shi ne a shagala da sabon salo a manta da shanya da adana iri, waɗanda ba sa cin ko sisi kuma har yanzu akwai tsofaffin da suka iya su.

Ga magidancin da ke son gwadawa, ya fara da buhu biyar zuwa goma na alayyahu, yakuwa da barkono, ya dasa zogale a jikin katanga, ya fara a ƙarshen damina ko farkon hunturu, kuma ya rubuta kuɗin ruwan da yake kashewa kafin ya ƙara. In tumatir da kuɓewa suka yi araha a kasuwa, a saya a shanya. Hatsi kuwa daga gona zai ci gaba da fitowa, don haka hukumomin da ke kiran a yi lambu a gida su fara da kai ruwan famfo unguwanni da mai da manoma gonakinsu lafiya.